Asabar ta wankin kafireta

Jos gari ne da inji ke shan wahala a cikinsa fiye da yadda baƙo zai zata. Garin yana bisa tudu, sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, iskarsa kuma ba ta kai ta Legas kauri ba, ta gaza da wajen kashi ɗaya cikin goma. Mutum ba ya jin wannan a ƙirjinsa, amma babur yana ji. Ga sanyin Disamba da Janairu da ke hana inji tashi da sassafe, ga ƙurar hunturu, ga damina mai tsawo tun daga Afrilu har Oktoba, wadda ba ta rasa hanyar zura ruwa cikin tanki. Dukkansu wuri guda suke haɗuwa, a cikin wani ɗan ƙarfe da ke tsakanin tanki da inji, wanda yaro ma zai riƙe a tafin hannunsa. Shi ya sa a shekarun 1980, a unguwarmu ta wajen Gangare, da wuya ka sami gida mai babur da ba shi da ranar wankin kafireta. A gidanmu Asabar ce, bayan an karya kumallo, da zarar rana ta kori sanyi daga ƙofar zaure.

Mahaifina malamin firamare ne. Babur ɗinsa Honda CG 125 ne, ja, ya saye shi ba da jimawa ba bayan kuɗin Udoji na 1975, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka karɓi ariyas a dunƙule, gari ya cika da sababbin babura da kekuna da rediyo. A shekarar ce Honda ya fito da wannan samfuri, kuma da gangan ya ƙera shi don ƙasashe irin namu, inda ba kowa ke juye baƙin mai a kan lokaci ba: inji mai sauƙin kai, da soson iyakilina da ake wankewa a mayar.

Sa'ad da na yi wayo babur ɗin ya riga ya kwana biyu, kuma a daidai lokacin ne rayuwa ta juya wa masu albashi baya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP. Naira da a da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗi, har sai ka ba da wajen Naira 4 kafin ka sami dala ɗaya. Litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi. Kayan gyara na Japan da ake saya a shagunan 'yan kasuwa Ibo na titin Dilimi suka yi tashin gwauron zabo, albashin malamin makaranta kuwa yana nan inda aka bar shi. Sabuwar kafireta ta zama abin da ba a ko tambayar kuɗinsa. Wadda ke jiki ita za a lallaɓa.

Aikina na farko shi ne shimfiɗa. Tsohon buhun siminti a ƙasa, a kansa wani farantin Inna da ya lotse ta sallama shi, gefe guda gwangwanin madara da aka yanke wa baki, da tsohon buroshin haƙori, da tsumman farar singileti. Baba ya rufe famfon mai da ke ƙarƙashin tanki, ya zare tiyo, ya murɗe hular sama ya zaro silaid da allurarsa suna lilo a jikin wayar totur, sa'an nan ya kwance noti biyu da sufana lamba 10. Sai ya ɗora kafiretar a faranti, ta yi dumu-dumu da maiƙo da jar ƙasa, ya ce, "To, wanke mata jiki tukuna. Ba a buɗe ciki da datti a waje."

Na fi son lokacin buɗe tukunya, ɗan kofin nan na ƙasa inda mai ke taruwa, domin a nan ake ganin abin da babur ya sha tun wankin baya. In man da aka saya mai kyau ne, ba ka ganin komai sai ɗan jan gari na tsatsar tanki. In damina ce, sai ka ga ɗigon ruwa kwance a gindi yana gangarawa nan da can a ƙarƙashin fetur, don ruwa ya fi fetur nauyi kuma ba sa gauraya. Ɗigon nan guda ya isa ya sa babur ya riƙa shaƙewa a tsakiyar hawa. In kuwa an jingine babur lokacin dogon hutu, sai fetur ya bushe ya bar wani jan danƙo mai wari, wanda ba ya saki sai an jiƙa shi. Daga nan a zare ɗan fil ɗin da ke riƙe da fulot, a kai fulot ɗin kunne a girgiza. In ka ji motsin mai a ciki, ya huje ke nan, shi ne ke kawo obafulo. A jikinsa akwai wata 'yar allura mai tsinin kai da ke toshe hanyar mai idan tukunya ta cika. Ita Baba ya fi tsoron ta ɓata, don haka a cikin murfin kwalba ake ajiye ta, kuma ba a yarda ƙannena su matso kusa ba.

Sai jet guda biyu na tagulla. Babban, raminsa wajen milimita 1 ne. Ƙaramin, na silo, bai kai rabin milimita ba. Baba yakan miƙo min ƙaramin ya ce in ɗaga shi sama in leƙa, tunda idona ya fi nasa. In haske ya fito a zagaye tas, lafiya lau. In ya fito a karkace, ko bai fito ba sam, to an kama mai laifi. A jiƙa, a hura da baki, a sake leƙawa. Har yau abin yana ba ni mamaki: ƙarfen da ke ɗaukar Baba da Inna da buhun masara, ƙwayar ƙura guda a wannan rami ce ke durƙusar da shi a bakin titi.

Baba ya iya kwancewa ya iya mayarwa, amma wanda ya fahimtar da mu dalilin kowane abu wani dattijo ne maƙwabcinmu, Birom, mutumin wajen Bukuru, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injuna a kamfanin kuza na ATMN. Irinsa suna da yawa a Jos a wancan lokaci, kuma tarihin garin ne ya haife su. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka dira a kan kuzar tudun nan. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, a 1929 kuma aka kafa NESCO, kamfanin da ke ba wa wuraren haƙar lantarki daga ruwan Kurra. Inda ake da famfunan ruwa da manyan injunan haƙa, dole a sami masu gyara su, saboda haka Jos ta tara masu sanin ƙarfe tun da wuri. Da harkar kuza ta yi ta ja da baya, har kasuwarta ta duniya ta rushe a Oktoban 1985, sai wannan sani ya bazu cikin unguwanni. Wasu suka buɗe gareji, wasu suka kama injin niƙa, wasu kuma, irin dattijon nan, suka zauna gida suna taimaka wa maƙwabta, a ba su na goro.

Yakan fito da tsohuwar rigar sanyi da hular ulu, ya jawo benci ya zauna kusa da mu. Mahaifina ya ce, "Baba, an tashi lafiya? Yaya sanyi?" Shi kuma ya ce, "Sanyi lokacinsa ne, Malam. Me ta ce yau?" Yana nufin kafiretar.

Shi ne ya sa na leƙa maƙogwaronta na ga yadda ya tsuke a tsakiya. Ya ce idan fistin ya ja iska, da ta iso matsatsin nan sai ta ƙara gudu, gudun nan ne ke zuƙo mai daga tukunya ta cikin jet, ya tarwatsa shi ya zama feshi. Ba famfo, ba lantarki, iska ce kaɗai ke wannan aiki. Daga baya na karanta a makaranta cewa inji yana son wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Shi dattijon bai taɓa faɗin wannan lissafi ba, amma ya san abin da ke biyo bayansa. An auna jet ne a masana'anta don iskar ƙasa-ƙasa. A Jos fistin yana cika silinda yadda yake cikawa a ko'ina, sai dai iskar da ta shiga ba ta kai nauyin ta can ba, man kuwa bai ragu daidai da ita ba. Sai mai ya rinjayi iska, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya toshe da kunkunniya, tanki ya riƙa ƙarewa kafin ƙarshen mako.

Maganin wannan a wurinsa ba ya cin ko kwabo. Allurar silaid tana da 'yan tsage-tsage a samanta. Sai ya ɗaga kilif mataki ɗaya, allura ta ƙara nutsewa, mai ya ragu. Sa'an nan ya murɗa sukurun iska a hankali har ya tsaya, ya dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, ya ce a buga kik. Da inji ya ɗumama sai ya sunkuya, ya karkata kai, yana ƙarawa yana ragewa da bakin sukundireba har sautin silo ya zauna daram. Bayan kwana biyu a kwance fulogi a kai masa. Baƙi, mai ya yi yawa. Fari fat, ya yi kaɗan, inji zai yi zafi. Launin ƙasa-ƙasa shi ake nema. Ƙanin Inna, wanda ke jigilar fasinja zuwa Akwanga da Fijo 504 haɗin Kaduna, ya sha gaya mana cewa motarsa takan sami kuzari da zarar ta sauka Hawan Kibo, ta kuma yi nauyin jiki in ta hawo. Dattijon ya ce, "Ai ba motar ba ce ta canja, iskar ce."

Akwai abubuwan da ba ya yafewa. Yaran gareji sukan tsinko silin wayar kuloci su zura a cikin jet. Ya ce ƙarfe ya fi tagulla tauri, kowace zurawa tana ƙara wa ramin faɗi, ka wanke yau ka mayar da babur mashayin mai har abada. In ya zama dole a zura wani abu, to silin jar wayar lantarki, mai taushi. Haka nan sodar yin sabulu da ruwan batir, waɗanda wasu ke jiƙa kafireta a ciki don ta yi haske. Gangar jikinta gamin alminiyam ne da tutiya, waɗannan kuwa cin su suke yi, har hanyoyin ciki su zaizaye. "Malam, ƙaramin sani ƙuƙumi ne," in ji shi. "Kar ka bari su yi wa babur ɗinka kwalliya."

A cikin gida ma ana wankin ƙarfe, kuma in za a faɗi gaskiya ya fi namu yawa, ya fi namu daɗewa. Inna da yayyena mata suna sāɓar gindin tukwane da toka da yashi da soson ƙarfe kullum rana ta Allah. Tasoshin tagulla da ta gada wurin kakarmu, in Sallah ta matso, da jiƙaƙƙiyar tsamiya ake goge su, ko lemon tsami da gishiri, koren nan ya fita su koma sababbi. Ba ta yarda ruwan toka ya kwana a tukunyar alminiyam ba, ta ce yana baƙanta ta, wanda shi ne dai gargaɗin dattijon game da soda, ita ta gano shi a bakin murhu. Keken ɗinkinta Butterfly kananzir take ɗiga masa ta share da gashin kaza kafin ta sa masa mai. Babban abin kuwa shi ne risho. Duk mako sai ta cire kwandunan nan masu huji-huji, ta kankare kunkunniyar da ta toshe su, ta daidaita lagwani da almakashi. In hujojin sun toshe, iska ta ragu, wuta ta yi ja ta baƙanta tukunya. In sun buɗe, wuta ta fito shuɗiya. Sai da na girma na gane cewa aikin da take yi wa risho da wanda muke yi wa kafireta ɗaya ne: neman daidaiton mai da iska.

Dabaru da dama daga wurinta Baba ya aro. Notin da ya yi tsatsa da sarƙar babur, a kananzir ake kwana da su. Tanki kuwa, in tsatsa ta yi yawa, a cire shi a zuba kananzir da cikin tafi na ƙananan notuna, ni da ƙanena mu riƙa jijjigawa har hannu ya gaji, a juye jan ruwa a sake. Doka ɗaya ta kafa mana, ba ta kuma taɓa sassauta ta ba. Da ta ji warin fetur ya shigo tsakar gida sai ka ji muryarta: "Malam, don Allah a fitar min da man nan, ina da wuta a murhu." Tana da gaskiya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa ya tarar da garwashi a nesa. Shi ya sa har kullum a waje muke aiki, ko da sanyi na yanka fata.

Shekarar 1994 ita ce ta fi gwada mu. Rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni ya kai ga yajin aikin ma'aikatan mai daga Yuli har farkon Satumba, gidajen mai suka bushe, motoci suka riƙa kwana a layi. A Oktoba lita ta tashi daga Naira 3 da kwabo 25 zuwa Naira 11. Gefen tituna ya cika da 'yan bumburutu da galan-galan da kwalabe, man da ke hannun wasunsu kuwa Allah kaɗai ya san abin da aka surka a ciki: kananzir, ruwa, gurɓin gindin duro. Wankin Asabar ya daina isa. Baba ya koma zuba mai a farar kwalba ya bar shi ya kwanta, in akwai ruwa a gan shi a ƙasa, sa'an nan ya tace ta tsumma a bakin mazurari. A lokacin aikin ya riga ya dawo hannuna, har 'yan goyin, wato masu acaba, na layinmu sukan turo baburansu ƙofar gidanmu da yamma, domin kowa ya san wanda ya rasa aikin wuni guda ya rasa cefanen gobe.

Akwai ɓangaren wannan aiki da ba na tunawa da daɗi. Da fetur muke wankin, hannu tsundum har wuyan hannu. Fata ta bushe ta yi fari, ta tsage da sanyi, man ya shiga tsagar yana zafi. In za a ɗebo mai daga tanki, baki ake sa wa tiyo a zuƙo, a tofar da wanda ya shigo. A wanke hannu da Omo, a zauna cin tuwo, warin yana nan a yatsu. Fetur na wancan zamani kuwa yana ɗauke da dalma, wadda aka fara zuba masa a Amurka tun shekarun 1920 don hana inji ƙwanƙwasa, irin wadda ke ratsa fata ta shiga jini. Najeriya ba ta daina sayar da shi ba sai a farkon shekarun 2000, duniya baki ɗaya kuma sai a 2021, da Aljeriya ta ƙarar da nata. Mutanenmu da yawa ba su ji labarin gubar dalma ba sai a 2010, da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Waccan daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi yi wa lahani. Iyayenmu ba wanda ya gaya musu. Yau an cire dalma, amma fetur bai zama ruwan wanka ba, kuma raina yana ɓaci in na ga ɗan shekara goma a gareji da tiyo a baki. Kananzir da buroshi suna fitar da yawancin dattin nan, safar hannu ta roba kuma ba ta da tsada.

Bayan rikicin 7 ga Satumba 2001 unguwannin Jos suka rarrabu. Dattijon ya riga mu gidan gaskiya kafin nan, iyalinsa kuma suka tashi suka koma wani gefen gari, kamar yadda wasu danginmu suka baro nasu gidajen suka dawo wajenmu. Zaman benci irin wancan, inda Birom da Bahaushe ke sunkuye a kan faranti ɗaya a ƙofar gida, ya yi wuya daga nan. Injunan ma suka canja. Motoci 'yan Kwatano suka zo da injekta, wadda ba a buɗe ta a zaure, sai an kai ta wurin mai kwamfuta. Babur ɗin Jincheng ya cika gari, Bajaj ya biyo baya, a zamanin Gwamna Jonah Jang kuma aka hana sana'ar goyin a cikin Jos da Bukuru. Kafireta 'yar Sin ta yi arha har makanikai da yawa suka daina wankewa: a cire a jefar, a sa sabuwa.

Duk da haka kafireta ba ta bar Jos ba. Tana cikin janareton da ke bayan kusan kowane shago, tana cikin injin markaɗe, tana cikin injunan ban-ruwa na 'yan lambu da ke jan ruwa daga tsofaffin ramukan kuza suna noma kabeji da karas da latas ɗin da ke cika kasuwar Farin Gada. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ma sai ga mutane suna canja wa janareto kafireta mai aiki da gas ɗin girki. Abin da ya ragu shi ne masu buɗe ta a gida, wannan kuwa asara ce da nake gani da idona. Kowace shekara in damina ta ɗauke, manomin rani yakan jawo injin da ya ajiye tun Afrilu da mai a cikinsa, ya ja igiya har kafaɗa ta yi ciwo, inji ya ƙi tashi. Ya ɗauke shi zuwa gari, ya biya kuɗin mota, a ce masa sai sabuwar kafireta, shukarsa kuma tana can tana jiran ruwa. Galibi ba komai ba ne illa jan danƙon nan a bakin jet, aikin da sufana lamba 10 da gwangwanin kananzir za su gama kafin a sha shayi.

Ina gaya wa duk wanda na sani a cikinsu abin da ke hana wannan tun farko. In za a ajiye inji har tsawon damina, a rufe famfon mai a bar shi yana aiki har ya mutu da kansa, sa'an nan a kwance sukurun da ke gindin tukunya a tsiyaye abin da ya saura, a juye na tanki ma, a ɗora injin a kan katako inda ruwa ba ya taɓa shi. In Nuwamba ta zo, a zuba sabon mai, a ja cok, a ja igiya.